Tara Ƙarfin Iska a Rumbu: Cinikin Haidirojin da Abin da Ya Shafi Nijeriya

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen hatsi da kaka ya zuba a rumbu har zuwa bazara ya san cewa rabin ribar ciniki a wurin ajiya take. Kayan da ba su ajiyuwa, irin su tumatir da ɗanyen kifi, mai saye ne ke yanka musu farashi, domin ya san mai su ba shi da halin jira. Wutar lantarkin da ake samu daga ƙarfin iska tana cikin irin waɗannan kaya. Iska takan kaɗa da tsakar dare lokacin da masana'antu suke rufe, sa'an nan ta ɗauke da hantsi lokacin da kowa ke neman wuta. Idan ta yi yawa kuma wayoyin da ke ɗaukar wutar suka cika, sai a tsayar da injinan da gangan, ƙarfin da zai zama kuɗi ya wuce a banza.

A shekarar 2023 ƙarfin injinan iska da aka kakkafa a duniya ya haura megawat miliyan 1, kuma gwargwadon yawansu gwargwadon girman wannan asara. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ƙasashe masu arzikin masana'antu suka zuba wa kuɗi domin magance ta ita ce a yi amfani da wutar a tsaga ruwa, a fitar da gas ɗin da ake kira haidirojin, a adana shi har ranar da za a buƙace shi, ko kuma a sayar wa masana'antun taki da na ƙarfe da matatun mai. Wannan batu ya shafi Nijeriya kai tsaye, kasancewarta ƙasar da ke sayar da gas da takin zamani a kasuwannin duniya, domin kuwa waɗanda ke neman wannan sabon makamashi su ne dai masu sayen kayanta.

Dabara ce mai tsohon tarihi

Mutumin da ya fara haɗa injin iska da na'urar tsaga ruwa wani malamin kimiyya ne ɗan ƙasar Denmak mai suna Poul la Cour. A 1891 ya kafa injin gwaji a ƙauyen Askov, kuma da ya ga batir na wancan zamani ya yi tsada, sai ya juya ga ruwa. Daga 1895 zuwa 1902 da gas ɗin da yake tarawa ake kunna fitilun makarantar da yake koyarwa. Dabarar ta yi aiki, amma araha da yalwar kwal da man fetur suka sa aka jingine ta na tsawon shekaru kusan 100.

An sake waiwayarta a 2004 a wani ɗan tsibiri na ƙasar Norwe mai suna Utsira, inda kamfanin Norsk Hydro da kamfanin Enercon na Jamus suka kafa injinan iska 2 masu ƙarfin kilowat 600 kowanne, tare da na'urar tsaga ruwa da tankin ajiya, domin bai wa gidaje 10 wuta ba tare da dogaro da babban layi ba. Tankin yana iya riƙe gidajen kwana 2 zuwa 3 idan iska ta ɗauke. Gwajin ya tabbatar da cewa abin mai yiwuwa ne, amma kuma ya tona babban aibinsa, watau cewa daga wutar da aka zuba aka yi gas, aka matsa shi, aka sake mayar da shi wuta, kimanin kashi 20 cikin 100 kaɗai ke dawowa.

A tsibiran Orkney da ke arewacin Skotland, inda wutar da ake samu daga iska ta fi ƙarfin buƙatar mazauna, an kafa wata na'ura mai rabin megawat a tsibirin Eday a 2017. An riƙa ɗura gas ɗin a tukwanen ƙarfe, a ɗauke su a jirgin ruwa zuwa tashar Kirkwall, a can a mayar da shi wuta domin jiragen da suka yada zango. A Jamus kuwa, an buɗe masana'antar Mainz mai megawat 6 a 2015, wadda ke sayar da gas ɗinta ga masana'antu tare da zuba wani kashi a bututun gas na gari. Daga waɗannan ƙananan gwaje-gwaje ne aka tsallaka zuwa ayyukan dubban megawat da ake magana a kansu yanzu.

Yadda ake yinsa da abin da yake ci

Ruwa haɗin abubuwa biyu ne, haidirojin da oksijin. Idan aka ratsa shi da wutar lantarki a cikin na'urar da aka tanada, sai su rabu, kowanne ya fita ta ɓangarensa. Lita 9 ta tsabtataccen ruwa tana ba da kilo 1 na haidirojin da kilo 8 na oksijin, ko da yake ruwan da ake kashewa a zahiri ya fi haka saboda tacewa da sanyaya injina. Na'urorin da ke kasuwa iri biyu ne suka fi yawa. Akwai tsohon samfuri mai amfani da ruwan sinadari irin na kanwa, wanda ya fi araha amma ya fi son wuta mai tsayayyen ƙarfi. Akwai kuma sabon samfuri mai siririyar fata a tsakiya, wanda ke jure hawa da saukar wutar iska, sai dai yana buƙatar ƙarafa masu tsada irin su filatinam da iridiyam, waɗanda mafi yawansu daga Afirka ta Kudu ake haƙo su.

Abin da ya kamata mai zuba jari ya riƙe shi ne lissafin wuta. Samar da kilo 1 na haidirojin yana cin kilowat-awa 50 zuwa 55, alhali ƙarfin da ke cikin kilon kansa bai wuce kilowat-awa 33 ba, watau daidai da lita 3 da 'yan kai na man dizal. Ke nan tun a matakin farko an yi asarar kusan sulusin wutar. Idan ana sayen kilowat-awa ɗaya a kan santi 3 na dalar Amurka, kuɗin wutar kilo 1 ya kama dala 1 da santi 65. Idan wutar ta kai santi 6, ya zama dala 3 da santi 30, tun ba a sa kuɗin na'ura da ruwan bashin banki da albashin ma'aikata ba.

Abu na biyu shi ne yawan sa'o'in da na'urar ke aiki a shekara. Na'ura ce mai tsada, kuma bashin da aka saye ta da shi ba ya hutawa ranar da iska ta huta. Saboda haka tunanin cewa za a dogara da rarar wutar da ake zubarwa kaɗai bai cika fitar da riba ba, domin rarar ba ta wuce 'yan sa'o'i a mako. Wannan ne ya sa masu wannan sana'a ke neman wuraren da iska ke kaɗawa da ƙarfi kusan kullum. Ƙa'idar kimiyya ita ce idan gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfin da ke cikinta yakan ninka sau 8, don haka ɗan bambancin gudu tsakanin wuri da wuri shi ne bambancin riba da faɗuwa. Da yawa kuma sukan haɗa injinan iska da faifan hasken rana, rana ta yi aiki da yini, iska ta karɓa da yamma da dare.

Matsalar rumbu

Haidirojin shi ne mafi rashin nauyi a cikin dukkan sinadarai. Kilo 1 nasa, idan ba a matsa shi ba, yakan cika wuri mai girman mita 11 murabba'i uku, watau kamar ƙaramin ɗaki. Don haka ajiyarsa da jigilarsa su ne inda kuɗi ke zurarewa, kuma hanyoyi huɗu aka fi bi.

Ta farko ita ce matsa shi a tukwanen ƙarfe ko na zaren kabon. Motocin da ke amfani da shi sukan ɗauke shi a matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 350 ko 700. Ko a matsi mafi ƙarfi, mita ɗaya murabba'i uku ba ta ɗaukar fiye da kilo 40. Wannan hanya ta dace da ƙaramar ajiya ta kwana ɗaya ko biyu, amma ba ta dace da tanadin wata da watanni ba.

Ta biyu ita ce sanyaya shi har ya zama ruwa, abin da ke buƙatar sanyin digiri 253 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas. Aikin sanyayawar kaɗai yakan cinye kimanin kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da ke cikin gas ɗin, kuma kullum wani kashi yana tururi yana fita. A 2022 jirgin ruwan Japan mai suna Suiso Frontier ya yi jigilar farko ta irin wannan kaya daga Ostareliya zuwa birnin Kobe, amma tafiya ce ta gwaji, kuma daga kwal aka samo gas ɗin da ya ɗauka.

Ta uku, wadda ta fi araha ga ajiya mai yawa, ita ce kogon gishiri. Inda Allah ya hore dutsen gishiri mai kauri a ƙarƙashin ƙasa, akan haƙa rijiya a zuba ruwa ya narkar da gishirin, a zuƙe ruwan, a bar wani makeken kogo wanda bangonsa ba ya yoyo. Tun 1972 ake ajiye haidirojin ta wannan hanya a Teesside da ke Ingila, kuma tun 1983 a jihar Texas ta Amurka. Arewacin Jamus da Holan da Denmak suna da irin wannan gishiri kusa da tekun da suke kafa injinan iska, abin da ya ba su fifiko babba. Ƙasar Suwidin, wadda ba ta da shi, ta gwada wata dabara a 2022 a garin Lulea, inda aka fafe kogo a cikin dutse mita 30 a ƙarƙashin ƙasa aka lulluɓe cikinsa da ƙarfe.

Ta huɗu ita ce a haɗa shi da naitirojin da ke cikin iska a yi amoniya, bisa hanyar da kamfanin BASF na Jamus ya fara amfani da ita a 1913. Amoniya takan zama ruwa a digiri 33 ƙasa da sifiri, kuma tuni akwai jiragen ruwa da tankuna da tashoshin da ke hada-hadarta, tun da ita ce uwar takin zamani. Wannan ne dalilin da ya sa kusan duk manyan ayyukan da aka tsara domin fitar da kaya zuwa ƙetare amoniya za su sayar.

Ban da tsada akwai batun hatsari. Gas ne marar launi marar wari, yana kama wuta idan ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, yana silalewa ta kafar da sauran gas ba su iya bi, kuma yakan ratsa jikin wasu nau'o'in ƙarfe ya sa su tsage. Bututun gas na yau da kullum sai an bincike shi an gyara kafin a saka masa shi zalla.

Ina kasuwar take?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa sabuwar haja ce, alhali kuwa duniya ta daɗe tana cinikinta. Alƙaluman Hukumar Makamashi ta Duniya sun nuna cewa a 2023 an yi amfani da tan miliyan 97 na haidirojin, mafi yawa a matatun mai da masana'antun taki da na sinadarai. Kusan dukkansa daga gas da kwal aka samo shi, kuma wanda aka samar ta hanyoyi marasa gurɓata yanayi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Kowane kilo da aka fitar daga gas yakan saki kimanin kilo 10 na hayaƙin kabon. Saboda haka kasuwar farko ta haidirojin ɗin iska ita ce maye gurbin wannan tsohon kaya. Cikas ɗin shi ne farashi, domin inda gas ke da araha kilon tsohon kaya yakan tsaya tsakanin dala 1 da dala 2, shi kuwa na iska da rana yakan ninka haka sau biyu ko uku, wani wurin ma fiye.

Gwamnatoci ne suka shiga tsakani domin cike wannan giɓi. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, Tarayyar Turai ta sa wa kanta burin samar da tan miliyan 10 a gida tare da shigo da wasu tan miliyan 10 daga waje nan da 2030. A shekarar ce kuma Amurka ta kafa dokar rangwamen haraji da ya kai dala 3 a kan kowane kilo. A Oktoban 2024 Jamus ta amince da shimfiɗa bututu masu tsawon kilomita 9,040 a kan kuɗi kusan Yuro miliyan dubu 19, waɗanda fiye da rabinsu tsofaffin bututun gas ne da za a sauya wa aiki.

Aiki mafi girma da aka riga aka zuba wa kuɗi yana Saudiyya, a yankin Neom da ke gaɓar Bahar Maliya. Kamfanonin ACWA Power da Air Products da Neom sun kammala haɗa jarin dala miliyan dubu 8 da miliyan 400 a Mayun 2023, domin kafa injinan iska da faifan rana masu ƙarfin megawat 4,000, waɗanda za su riƙa samar da tan 600 na haidirojin a kullum, a mayar da shi amoniya har tan miliyan 1 da dubu 200 a shekara. Abin lura ga 'yan kasuwa shi ne bankuna 23 da suka ba da bashin sun yi haka ne bayan Air Products ya sa hannu cewa zai sayi dukkan kayan har tsawon shekaru 30.

A kudancin ƙasar Chile, kusa da birnin Punta Arenas inda iska ba ta cika hutawa ba, masana'antar Haru Oni ta fara aiki a Disambar 2022 da injin iska guda mai megawat 3.4, tana haɗa haidirojin da kabon tana yin fetur na roba wanda kamfanin motoci na Porsche ke saye. Ƙasar Sin kuwa ita ce ke da fiye da rabin na'urorin tsaga ruwa da aka kafa a duniya, kuma a 2025 kamfanin Envision ya buɗe masana'antar amoniya mai tan dubu 320 a shekara a Chifeng, wadda ke aiki da iska da rana.

Nahiyar Afirka ma ba a bar ta a baya ba wajen shirye-shirye. A Mayun 2023 gwamnatin Namibiya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Hyphen a kan aikin dala miliyan dubu 10 kusa da garin Luderitz, da nufin fitar da tan miliyan 2 na amoniya a shekara. Muritaniya ta rattaba hannu a 2021 a kan shirin Aman mai megawat dubu 30, wanda dubu 18 daga ciki na iska ne. A Yulin 2024 kamfanin Fertiglobe ya ci gwanjon farko na shirin H2Global na Jamus, inda zai kai wa Turai amoniyar da aka yi a Masar a kan Yuro 1,000 kowane tan, farashin da ya zarce na amoniyar gas nesa ba kusa ba.

Guguwar ta lafa

Sai dai kuma daga 2024 zuwa 2025 an ga ja da baya mai yawa. A Agustan 2024 kamfanin Orsted na Denmak ya soke masana'antar man jiragen ruwa da ya fara ginawa a Suwidin, yana mai cewa masu saye ba su fito ba. A Yunin 2025 kamfanin ƙarfe na ArcelorMittal ya fasa sauya masana'antunsa biyu na Jamus zuwa haidirojin, duk da tallafin Yuro miliyan dubu 1 da miliyan 300 da aka ware masa. Wata guda bayan haka kamfanin BP ya fice daga wani katafaren aikin iska da rana a yammacin Ostareliya, yayin da Amurka ta taƙaita wa'adin rangwamen harajinta ga ayyukan da suka fara gini kafin ƙarshen 2027. A rahotonta na 2025, Hukumar Makamashi ta Duniya ta rage hasashen abin da ayyukan da aka sanar za su iya samarwa nan da 2030 daga tan miliyan 49 zuwa tan miliyan 37.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ruwan bashi ya hau, na'urori ba su yi arahar da aka zata ba, kuma batir ya ƙwace kasuwar ƙananan motoci da ta ajiyar wuta ta 'yan sa'o'i, domin shi yana mayar da kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na abin da aka zuba masa. Daɗin daɗawa, dokokin Turai na 2023 sun shar'anta cewa sai wutar ta fito daga sababbin injina kafin a kira gas ɗin mai tsabta, kuma daga 2030 sai an nuna cewa a sa'ar da aka samar da wutar aka yi amfani da ita. Abin da ya rage wa haidirojin shi ne ayyukan da waya da batir ba su iya yi, watau taki, da narkar da tama, da man manyan jiragen ruwa, da tanadin wuta na makonni.

Inda abin ya shafi Nijeriya

Nijeriya tana cikin manyan masu samar da haidirojin a Afirka, ko da yake ba a cika faɗin haka ba, domin kuwa kowane buhun yuriya da ya fito daga masana'antar Dangote da ke Lekki, ko ta Indorama da ke Eleme, ko ta Notore da ke Onne, da haidirojin ɗin da aka fitar daga gas aka yi shi. Masana'antar Lekki, wadda aka ƙaddamar a Maris na 2022, an gina ta ne domin tan miliyan 3 na yuriya a shekara. Wannan adadi yana buƙatar amoniya kimanin tan miliyan 1 da dubu 700, wadda ita kuma ke buƙatar haidirojin kimanin tan dubu 300. Da za a ce a samar da shi ta hanyar tsaga ruwa, sai an tanadi wutar da ta kai megawat 1,900 ba dare ba rana, a ƙasar da babban layinta yakan raba megawat 4,000 zuwa 5,000 ga al'umma baki ɗaya. Ga shi kuma yuriya tana buƙatar kabon, wanda a yanzu daga gas ɗin ake samunsa kyauta.

Idan aka juya ga iska, yankunan da suka fi samunta su ne Sakkwato da Katsina da Kano da tsaunukan Jos, musamman lokacin hunturu, amma ƙarfinta bai kama ƙafar na gaɓar Namibiya ko Muritaniya ba. Tashar iska ta Lambar Rimi a Jihar Katsina, mai injina 37 da jimillar megawat 10, tun 2005 aka fara maganarta, kuma ta sha jinkiri na shekaru masu yawa. Ko da za ta yi aiki da rubu'in ƙarfinta duk shekara, a kuma ba na'urar tsaga ruwa dukkan wutar, abin da za a samu bai wuce tan 400 na haidirojin ba. Idan aka kwatanta da tashar Tafkin Turkana ta Kenya mai megawat 310, ko ta Taiba Ndiaye ta Senegal mai megawat 158, za a ga cewa akwai sauran tafiya. A ƙasar da masaƙu da injinan niƙa ke ƙona dizal saboda rashin wuta, duk kilowat ɗin da iska ta bayar yana da mai saye nan take, kuma babu hikima a zubar da sulusinsa wajen yin gas.

Tarihin Afirka ma yana da darasi a kan haka. Kamfanin Sable da ke Kwekwe a Zimbabuwe ya yi takin zamani ta hanyar tsaga ruwa da wutar madatsar Kariba tun daga 1972, amma a 2015 ya rufe na'urorin saboda wutar ta yi tsada kuma ƙasar tana buƙatarta a wasu wurare. Sana'ar ba ta tsayuwa sai inda wuta ta yi yawa har ta rasa mai saye.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa abin bai shafe mu ba. Tun daga Oktoban 2023 Tarayyar Turai ta wajabta wa masu shigar da taki da ƙarfe da siminti da alminiyam da haidirojin bayyana yawan hayaƙin da aka saki wajen yin kayansu, kuma daga Janairun 2026 lissafin ya koma na biyan kuɗi. Duk mai niyyar sayar da yuriya ko amoniya a Turai dole ya sa wannan haraji a lissafinsa, kuma masu fafatawa da shi daga Masar da Maroko da Saudiyya sun riga sun fara shiri. Haka nan ƙasashen Turai da ke sayen gas ɗin da ake lodi a Bonny su ne ke shimfiɗa bututun haidirojin domin rage dogaro da gas nan gaba. Nijeriya da kanta ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, kuma Jamus ta buɗe ofishin hulɗar haidirojin a Abuja.

Ga masu masana'antu da masu jari, hanyoyin da suka fi kusa guda uku ne. Na ɗaya, masu yin taki su fara auna hayaƙinsu tare da duba yiwuwar kama kabon ɗin da suke saki, tun da gas mai araha shi ne fifikon da Nijeriya ke da shi. Na biyu, kamfanonin da ke sayen haidirojin ko oksijin a tukwane, irin su masu sarrafa man girki da masu gilashi da asibitoci, suna iya duba ƙananan na'urori masu aiki da hasken rana, domin su da farashin tukunya suke gogayya, wanda ya ninka na bututu sau da yawa. Na uku, a kashe kuɗi wajen auna gudun iska a tsayin da manyan injina ke kaiwa, na tsawon shekara guda aƙalla, domin babu bankin da zai ba da bashi a kan jita-jita.

Duk wanda aka kawo wa takardar neman jari a wannan fanni, ya kamata ya nemi amsar tambayoyi huɗu kafin ya sa hannu: nawa ne kuɗin kilowat-awa ɗaya, sa'o'i nawa na'urar za ta yi aiki a shekara, a ina za a ajiye kayan, kuma wane ne ya rattaba hannu cewa zai saya, a kan wane farashi, har tsawon shekaru nawa. Aikin Neom ya samu kuɗi ne saboda yana da amsar ta huɗu a rubuce, yawancin waɗanda aka soke kuwa ita suka rasa.